Darasin Mako na Sha Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe bakwai saura kwata na safe

Sabon littafi. Maigida ne ya kawo mini, wai ya gaji da tsintar tunanina a bayan ambulan da gefen jarida. Mako na bakwai muke ciki. Aji ƙarfe takwas, 'yan shekara ta uku masu karatun injiniyan sinadarai, su sittin da huɗu, kuma yau ce ranar Taswira. Shekara ashirin da biyu ina koyar da ilimin ƙarafa da kayan ƙira, amma har yanzu ranar Taswira nakan riga kowa tashi a gidan nan. Alli kala huɗu yana cikin jaka, na duba sau biyu.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na zana ta da ka, ko takarda ban kalla ba. Taswirar ƙarfe da kabon ke nan, wadda ke nuna halin da ƙarfe ke shiga tun yana narkakke har ya huce, da yadda ɗan kabon kaɗan ke mayar da shi mai taushi ko mai taurin kai. Allo biyu ta cinye. Da na ja layin ƙarshe suka tafa, na juyo na ce nan ba gidan wasa ba ne, amma Allah ya sani na ji daɗi har cikin raina. Mako uku nake ba ta duk shekara, kuma ba su taɓa isata ba.

Akwai wani dogo da ke zama a layin ƙarshe kusa da taga, Na Baya nake ce masa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, don Allah, mu da za mu ƙare a cikin tankuna da bututu, wa zai tambaye mu wannan?" Na ce, "Ni, ranar jarrabawa." Aji ya kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ina ta jin daɗin amsar har na iso ofis, na tarar da takarda a ƙarƙashin ƙofa. Shugaban Sashe yana son ganina gobe da safe.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

A kan teburin Shugaba akwai guntun bututu naɗe cikin buhu, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Farin ƙarfe ne, irin wanda ba ya tsatsa, yana ƙyalli kamar sabon cokali. Daga masana'antar sabulun nan ta bayan gada aka aiko shi. Ba zan rubuta abin da ya faru can makon jiya ba, kowa ya ji. Mutum ɗaya yana asibiti.

Sun kafa kwamiti, kwamitin kuma yana son rahoto daga gare mu nan da ashirin da ɗaya ga wata, a gaya musu abin da ya tsaga bututun. In waldar ce ba ta yi ba, ko kuma ƙarfen banza aka kawo musu, to laifin na wasu ne. In kuwa tun farko ba irin ƙarfen da ya kamata a sa a wurin ba ne, injiniyan da ya zaɓe shi zai iya rasa aikinsa. An riga an dakatar da shi. Shugaba ya juyo wasiƙar don in ga sunan da idona.

Tsohon ɗalibina ne, wanda nake kira Sarkin Tambaya. Shekara takwas ke nan da ya zauna a ajina, kujerar gaba, hannu kullum a sama, har nakan ce masa ya sauke kada jini ya daina zuwa. Duk farkon zango sai ya bugo ya gaishe ni. 'Ya'yansa biyu yanzu, ƙaramar ko tafiya ba ta fara ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibina ne fa." Ya ce, "Dakta, wane injiniya ne a garin nan ba ɗalibinki ba? Kuma wa ke da kayan aikin in ba ke ba? Na gaya musu, sun ce sun yarda." Na ɗauki buhun na fito. Ya bar mini farin gishiri a hannun riga.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yini guda a ɗakin gwaji da Kawu. Shi ne ma'aikacin ɗakin, a nan na tarar da shi ranar da aka ɗauke ni aiki, kuma har yau kallon sabuwar zuwa yake yi mini. Ya yanko guntu uku daga bututun, yana yanka yana mita, wai zarton ya girmi Shugaba. Sannan muka zauna guga.

Duk aikin duniya babu mai kwantar mini da hankali kamar gugar samfur. Ka fara da samfefa mai kaushi, ka goga ta fuska ɗaya har duk layukan su miƙe. Sai ka juya guntun a gicciye, ka ɗauki wadda ta fi ta laushi, ka goga har layukan farko su ɓace tas, ko ɗaya kada ya saura. Haka har samfefa shida. In ka yi gaggawa ka tsallake ɗaya, madubin ƙara girma zai tona maka asiri. Ruwa na zuba a hankali, rediyon Kawu na ƙasa-ƙasa, babu wanda ya san inda nake balle ya kira ni taro.

Kawu ya ɗaga waldar saitin taga, ya daɗe yana juya ta. Ya ce, "Hajiya, wanda ya yi wannan ya iya aikinsa." Na ce ban tambaye shi ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Taswira, rana ta biyu. Aji ya yi kyau. Ban leƙa ɗakin gwaji ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe goma na safe

Mun shafa wa samfurin asid, na sa shi a madubi. Ko minti ɗaya ban yi ba na gane. Tsagar ba ɗaya ba ce. Daga cikin bututun ta faro, ta yi rassa, rassan ma suka yi rassa, kamar saiwar ciyawa. Na sa na biyu, na sa na uku, duk kanwar ja ce. Ƙarfen kuma lafiyayye ne, abin da aka rubuta a jikinsa shi ne a cikinsa.

Abu uku ne in suka haɗu a kan farin ƙarfe sai ya yi haka: gishiri, zafi, da takurar da walda ko lanƙwasa ke bari a jikinsa. Ba ya tsatsa, ba ya canja kala, yana nan yana ƙyalli har ranar da zai buɗe. Wannan bututun kuwa tafasasshen ruwan gishiri yake ɗauka, shekara biyu cur. Darasin mako na sha ɗaya ke nan. Duk wanda ya ratsa ajina ya san shi, ina faɗa ina maimaitawa har su gaji da ni.

A shekarar su Sarkin Tambaya ne aka rufe makaranta, da aka dawo aka yanke mana zango da mako uku. Ina da littafin darasi na kowace shekara, inda nake rubuta abin da na koyar mako-mako. Suna cikin durowar ƙasa a ofis. Ban buɗe ba.

Asabar, 8 ga wata, bayan la'asar

'Yata Auta ta zo yini, ta yi mini kitso tana ba ni labarin mutanen ofishinsu, na yi dariya har na ƙware. Hannunta na da nauyi irin na uwata. Maigida yana tsakar gida da tumaturinsa. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ya rasa waɗanda zai tsawata wa, sai ya tara tsofaffin bokitai goma sha biyu ya shuka tumatur, yana zagaya su da hannu a baya kamar mai duba jarrabawa.

Da Auta ta tafi ya leƙo ya ce, "Injiniya, yau tun safe ba ki yi wa kowa faɗa ba. Ko in kira likita?" Na ce ya je ya ji da bokitansa. Ya ce to yanzu hankalinsa ya kwanta. Iska mai daɗi, an gode Allah. Ba abin da ke damuna.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Sarkin Tambaya ya bugo sau biyu. Ban ɗauka ba. Ba daidai ba ne in ɗauka, rahoto na hannuna. Dalilin ke nan.

Na gaya wa aji yau Taswira ta ƙare, sauran su karanta da kansu. Suka kalli juna, don waɗanda suka gabace su sun gaya musu mako uku ake yi. Na ce gobe kowa ya zo ɗakin gwaji da farar rigarsa, za mu yi darasin mako na sha ɗaya. Wata daga gaba ta ce, "Malama, mako na takwas fa muke." Na ce mata na iya ƙirga.

Ban buɗe durowar ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na ji daɗin koyarwa, ba ƙarya. Na raba su gida takwas, kowane gida Kawu ya ba su siririn farin ƙarfe. Suka lanƙwasa shi baki biyu ya haɗu, suka ɗaure da kusa don ya zauna a takure. Muka jera su cikin tukunyar gilashi, muka zuba ruwan gishiri mai ƙarfi irin na ɗakin gwaji, muka ɗora a kan na'urar ɗumama. Kawu zai riƙa kula da ita. Ya ce shi dai an mayar da shi mai dafa ƙarfe da tsufansa.

Na Baya ya tsaya ya harɗe hannu. Ya ce, "Malama, cokulan gidanmu kullum cikin gishiri da zafi suke, ban taɓa ganin wanda ya tsage ba." Na ce, "A gidanku lanƙwasa cokali kuke yi ku ɗaure, ku dafa shi kwana da kwanaki?" Ya ce a'a, amma shi dai sai ya gani. Na ce gani ya kori ji, ya dawo ya same ni. Yaron nan yana da kai, taurin ne ya yi yawa. Rabin aji suka bi bayansa, rabi suka bi ni, suka fita suna musu har a bene ina jiyo su.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku na rana

Sarkin Tambaya ya zo ofis. Na ji sallama na ɗago, ga shi a bakin ƙofa, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na ce, "Ɗana, ka san ba zan yi maganar nan da kai ba." Ya ce, "Na sani, Malama. Gaisuwa na zo." Na ba shi kujera, na zuba masa shayi daga filas. Na tambayi mai ɗakinsa da yara, ya ce suna gaishe ni.

Ya riƙe kofin bai sha ba. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Tsohon bututun tsatsa ce ta cinye shi, duk wata shida sai an yi faci. Na ce a sa wanda ba ya tsatsa a huta. Har yabo aka yi mini a taro." Ya ce daga asibiti yake, kullum yana zuwa, matar mutumin ba ta amsa gaisuwarsa amma ba ta hana shi zama.

Minti ashirin ya yi a ofishina, bai yi mini tambaya ko ɗaya ba. Da ya tafi na wanke kofin, na jera takardu, na share teburin da na share da safe. Durowar tana kusa da ƙafata duk tsawon zaman.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ba dole ba ne in buɗe. Ba abin da kwamiti ya tambaya ba ne.

Alhamis, ƙarfe biyu da rabi na rana

Na buɗe.

Rubutuna ne, da jan biro. "Mako na 11: babu lokaci, a tsallake." A sama da shi kuma, "An ƙara wa Taswira rana biyu, sun ji daɗinta sosai." An yanke mana mako uku, dole wani abu ya fita, ni kuma na zaɓa. Na riƙe abin da nake so, abin da ake tafa mini, na jefar da abin da zai bi su har wurin aiki. Ba masu narka ƙarfe nake koyarwa ba, na san haka tun ranar farko. Masu zaɓen bututu ne. Su hamsin da takwas ne a shekarar, na ƙirga sunayen.

Na ji kunya, irin wadda ban ji ba tun ina yarinya. Sannan na tafi taron sashe na yi awa ɗaya ina faɗa a kan jadawalin jarrabawa, kuma na yi nasara.

Lahadi, 16 ga wata, da hantsi

Na gaya wa Maigida. Yana ɗaure tumatur a jikin sanda, ni ina riƙe masa zare. Ya ji har ƙarshe bai katse ni ba, abin da bai saba ba. Ya ce, "Shekara takwas, Injiniya. Mutum ya yi aiki, akwai littattafai, akwai na sama da shi. Ba kowane abu malami ke sa wa yaro a baki ba." Na ce na sani. Ya ce, "Ni kaina akwai shekarar da ban koyar da rabin littafi ba." Na ce labarin ƙasa yake koyarwa, ba a taɓa kwantar da kowa a asibiti don bai san sunan kogi ba.

Bai ji haushi ba, ni ce na ji haushin bakina. Ya ƙulle zaren ya ce, "To me za ki yi?" Na ce in na sani da ban tsaya riƙe masa zare ba. Ya ce in matso da bokitin can. Muka ƙarasa duka goma sha biyun, muka zauna a inuwa muka sha ruwan sanyi. Zama da mutumin nan akwai daɗi, ko ranar da ban cancanta ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kawu ya kira ni madubi. Ya sake yanko guntu na huɗu ba tare da na sa shi ba, ya goge shi da kansa. A cikin waldar akwai ɗan rami, bai kai kan allura ba. Kowace walda a duniya in ka bi ta da madubi za ka samu irinsa. Ya ce, yana kallon bango, "Hajiya, in kina so mu ɗauki hoton nan ma. In aka ƙara masa girma sosai zai cika shafi."

Shi ma ya san Sarkin Tambaya. Shi ne ɗalibin da ke tsayawa bayan kowa ya tafi ya taya shi wanke kwalabe. Na ce ya ɗauka. Ya ɗauka, ya fito da kyau ƙwarai, ramin ya zama kamar bakin rijiya. Na sa hoton a jaka na taho da shi gida. Ba ƙarya ba ce, ramin yana nan. In na sa shi a shafin farko, na rubuta cewa ba za a iya cire hannun walda ba, kwamiti zai samu inda zai tsaya. Babu mai ƙaryata ni a garin nan.

Tukunyarmu kwana shida, ba abin da ya motsa. Na Baya yana wucewa yana yi mini murmushi.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida na safe

Tsagar ba daga ramin ta faro ba, ko kusa ba ta bi ba. Mai waldar ma ɗan wani ne, kuma ban san ko 'ya'yansa nawa ba.

Talata, ƙarfe tara na safe

Na mayar wa Kawu hoton. Ya karɓa ya sa a fayil tare da sauran, ya ce, "To." Sai ya tambaye ni ko zan sha shayi. Shekara ashirin da biyu bai taɓa haɗa mini shayi ba. Sukari ya yi yawa, na shanye.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na rubuta rahoto. Shafi huɗu, da hotuna. Ƙarfen lafiyayye ne, waldar ta yi, ramin da aka gani ba shi da hannu. Gishiri da zafi ne suka tsaga shi, kuma irin wannan ƙarfen bai dace da wannan wurin ba. Na karanta jimlar ƙarshen nan sau biyar ina neman yadda zan tausasa ta. Ba ta tausasuwa.

Sai na ƙara shafi na biyar. Gajere ne. Na rubuta cewa injiniyan da ake bincika ɗalibina ne, cewa wannan nau'in tsaga darasi ne da ke cikin manhajar da na koyar da shi, kuma a shekararsu ni na cire darasin da hannuna, ba wanda ya sa ni. Na haɗa da hoton shafin nan mai jan biro. Na kuma rubuta wasiƙa daban zuwa ga sauran hamsin da bakwai ɗin, shafi ɗaya, da hoton tsagar nan mai kama da saiwar ciyawa. Sakatariya ta ce za ta nemo mini adireshin waɗanda za su samu.

Yau na ci abincin rana har da ƙari.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Kawu ya tare ni a bene tun kafin in ajiye jaka. Kwana tara. Biyar cikin takwas sun tsage a daidai lanƙwasar. Na kwaso aji gaba ɗaya muka sauka. Muka wanke su, na miƙa wa Na Baya wanda rukuninsu ya lanƙwasa. Yana nan fari tas, yana ƙyalli. Na ce ya danna. Ya danna da yatsa biyu, ƙarfen ya rabu a hannunsa kamar busasshen burodi.

Na zata zai yi gardama ko ya yi wasa, na ma shirya amsa. Sai ya tsaya yana kallon guntayen, ya ce, "Malama, da a ce ba ki nuna mana ba fa? Ni wallahi da shi zan sa." Na ce ya koma wurinsa, yana tare wa mutane haske. Sauran darasin Kawu ne ya bi su da madubi ɗaya bayan ɗaya. Ni na tsaya a bakin famfo ina wanke tukunyar da ba aikina ba ne in wanke.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Shugaba ya karanta shafi huɗu yana gyaɗa kai. Da ya zo na biyar ya cire tabarau. Ya ce, "Dakta, wannan mene ne? So kike a ce sashenmu ba ya koyarwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a shekarar bai koyar da wannan ba." Ya ce ba a tambaye ni ba, ba kuma zai ceci yaron ba, sai dai ya jawo mana magana. Na ce duk na yarda. Ya ce to in cire. Na ce sa hannun da ke ƙasa nawa ne, in yana so ya rubuta nasa rahoton, madubi yana nan, Kawu zai koya masa guga.

Ba mugun mutum ba ne, tsoron taro ne ya yi masa yawa. Ya ce, "Ke dai ba a iya miki." Ya buga hatimi a kan ambulan. Direban sashe zai kai kafin azahar.

Lahadi, 23 ga wata, da yamma

Tumatur uku sun nuna. Maigida ya ɗora su a faranti ya kawo mini har ɗaki kamar wanda ya ci gasa. Na ce ƙanana ne. Ya ce baƙin ciki ne. Na yi barcin rana mai nauyi, na farka ban san inda nake ba. Lafiya lau.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma na safe

An sallami mutumin daga asibiti. Kawu ne ya ji. Hannun dai sai a hankali. Alhamdu lillahi.

Biyu daga cikin hamsin da bakwai sun amsa wasiƙa. Ɗaya ya ce gobe zai sa a duba wani layin bututu a wurinsu.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe tara na safe

Yau kwamiti ke zama. Ina da takardun gwaji sittin da huɗu da zan duba. Na duba bakwai.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Sarkin Tambaya ya zo bayan la'asar, na gama aji ina kakkaɓe alli. Wannan karon ya sha shayin.

Ba a kore shi ba. An sauke shi daga muƙaminsa, an mayar da shi ƙarƙashin wanda shi ya koya wa aiki, kuma shekara biyu babu maganar ƙarin girma. Na ce to an gode Allah, da sauƙi. Na tambaye shi shafi na biyar. Ya ce shugaban kwamiti ya karanta shi a fili, sannan ya ce wannan ba hujja ba ce, ya ajiye gefe. Na ce da ma an gaya mini ba zai yi amfani ba.

Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce, "Malama, mu tara aka kira, kowa ya tashi ya ce ba shi ba ne. Ni ma abin da na shirya ke nan. Takardar sayen bututun mu huɗu muka sa wa hannu, uku na sama da ni, na rubuto sunayensu da ranaku, tana hannuna. Ana gama karanta shafinki aka ce in yi magana. Sai na ninke takardar na sa a aljihu. Na ce ni na zaɓi ƙarfen, ban sani ba, ban kuma bincika ba."

Na ce, "Kai, ɗana. Da ka karanta takardarka, da an raba laifin nan gida huɗu. Wataƙila da kana kan kujerarka." Ya ce ya sani. Na ce ba don haka na rubuta ba, don in sauƙaƙa masa na rubuta. Ya ce ya san wannan ma. Ya ce da ya fito daga wurin kwamiti, asibiti ya fara wucewa kafin ya tuna an sallami mutumin, sai ya nemi gidan, ya gaya masa abin da ya gaya wa kwamiti. Matar ta kawo masa ruwa.

Na ji tausayinsa, na ji kunyar kaina, na kuma ji wani daɗi da ban san ko ina da ikon jin sa ba. Ya miƙe ya ce zai tafi, Litinin yana da aikin safe. Na ce ya gaida mai ɗakinsa da yara.

Shekara ashirin da biyu, ban taɓa raka ɗalibi ko bakin ƙofar ofis ba. Na ɗauki mayafina. Ya ce, "Haba Malama, ki zauna." Na ce ya wuce mu tafi. Na raka shi muka sauka bene, muka ratsa filin ajiye motoci, har bakin titi, na tsaya a nan sai da ya samu mota.